Idon Inna na Hagu

A shekarun da suka biyo bayan fari, dabbobin da suka rage a gidanmu awaki huɗu ne, duka na mahaifiyata. Kullum da safe takan matse akuya tsakanin gwiwoyinta, ta bi kunne da gindin wutsiya tana cire kaska, tana murƙushewa da farce. Maganin wankan dabbobi ya daɗe da ɓacewa a kasuwa.

Da damina idonta na hagu ya yi ja, ya kumbura. Lokacin afolo na yawo a ƙauyukan Minjibir, saboda haka babu wanda ya tsaya tunani. Ta ƙara kwalli. Gwaggona, ƙanwar babanmu, ta ɗiga mata ruwan sukari. Zazzaɓin da ya biyo baya muka ce na sauro ne. Inna ta shanye ƙwayoyin maganin da muka sayo, bai sauka ba. A rana ta tara ta fara kirana da sunan yayanta da ya rasu.

Ina koyarwa a firamaren garinmu a lokacin. Na aro amalanke, ni da Gwaggo muka kai ta ƙaramin asibiti. Ma'aikacin dattijo ne. Ya daɗe yana duban idon.

"Ku nawa ne a gidan?"

Na ce goma sha ɗaya.

"Su wa kuma idonsu ya yi ja?"

"Ita kaɗai ce."

"Malam, ka taɓa ganin afolo ya shiga gida, ya kama mutum ɗaya, ido ɗaya, ya yi sallama?"

Ya danna gaban kunnenta, ya ji kaluluwa. Ya buɗe tafin hannunta, ga ɗige-ɗigen ƙuraje da ba mu lura da su ba.

"Inna, kina taɓa dabbobi?"

Gwaggo ta amsa mata: "Taɓawa? Ai har hira suke yi." Sannan ta tuna ranar da wata ƙosasshiyar kaska ta fashe, jinin ya fantsama wa Inna a ido, ta goge da bakin zani.

Ya ce kaska na ɗauke da ƙwayar cuta, kuma ta ido ma tana shiga jiki kamar yadda take shiga ta cizo. Ya ba da kafso. A kwana na uku zazzaɓin ya sauka, ta nemi koko.

Ganin idon dai bai dawo ba. Na tambayi ma'aikacin ko da mun zo a makon farko zai tsira. Ya ce Allah ne masani. Ta rayu shekaru da yawa bayan haka, har jikokinta suka taso sun san ta dama ake zuwa a gaishe ta.