Durowar Malam Habu tana hannuna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina tsaye a shago ina auna katako labari ya iske ni. Malam Habu na laburaren jami'a ya rasu. Jiya da la'asar aka kai shi asibiti, da asuba rai ya yi halinsa.

Wanda ya kira ni shi ne sakataren kwamitin da ke shirin mayar da laburaren kan sabon tsarin kwamfuta. Ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, Malam Habu lokaci ya yi." Ban gama salati ba ya ce, "Af, durowar nan da ya ɗauka, an ce tana wajenka ko?"

Mutum ko wanka ba a yi masa ba, ana cigiyar durowa.

Na ce, "Malam, bari mu binne shi tukuna." Na kashe wayata.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Zan faɗi abin da na sani, har da wanda faɗinsa ba zai yi mini daɗi ba.

Duk wanda ya san ni ya san ni kafinta ne. Sakandare na gama na tsaya, kuma ko guduma ban gada ba. Da zarton aro na fara a bakin titin Wudil, yau alhamdulillahi ba na neman aiki, aiki ke nemana. Amma aikin farko da ya fito da sunana, Malam Habu ne ya kawo shi. Yana neman kabad na katunan littattafai. A tsohon tsari kowane littafi da katinsa, katunan a jere cikin ƙananan durowoyi, da siririn ƙarfe ya ratsa su don kada su hargitse. Manyan 'yan kwangila suka raina aikin. Ni na yi, kuma har yau ba durowar da ta taɓa cijewa.

Tun ranar ya laƙaba mini Injiniya.

Akwai ranar da mai gadi ya tare ni a ƙofar laburaren wai ina katina na ɗalibi. Malam Habu ya fito ya kama hannuna ya ce, "Ƙyale shi, littafi ba ya tambayar digiri." Ya zaunar da ni ya ɗauko mini littafin zanen kujeru. Rabin kujerun da kuke zama a kai a falukanku daga nan na kwaso su.

Duk kaka sai ya aiko wa iyalina da gyaɗa daga gonarsa ta Kausani.

Wani abu da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, ya yi shekaru yana bin gidaje a Kausani da Ɗankaza a kan tsohon babur ɗinsa, yana roƙon dattawa su ba shi kundayen kakanninsu na rubutun hannu da gara ke ci, ya adana musu a laburare. Ba saye ba, ba kyauta ba, amana. Ba takarda, ba sa hannu. A kira maƙwabci ya shaida, a yi fatiha, a miƙa gafaka. Kundin kakana ma yana ciki, da hannuna na ba shi.

To sai ga wannan zamani da kuɗin man fetur suka yi auki, kowace ma'aikata sai sabon abu. Aka kawo wani kamfani daga nesa, aka kafa kwamiti, mitin yau mitin gobe. Shirin shi ne a manna wa kowane littafi sitika, a shigar da shi kwamfuta, a kwashe katuna, a fitar da kabad, a jera tebura. Aikin teburan ni aka ba.

Sau ɗaya mitin ya rutsa da ni ina awon ɗaki. Malam Habu ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, a cikin na'urar nan ina gurbin sunan mai littafi?"

Mutumin kamfanin ya yi murmushi ya ce, "Baba, duk abin da ya shiga sistem mallakar laburare ne. Wanda bai shiga ba sai sito."

Malam Habu ya ce, "To ai na wasu ne."

Aka ce a wuce batu na gaba.

Nan ne nawa laifin. Na zarge shi. Na ce tsoho ne yana tsoron kwamfuta ta cinye masa kujera. Na ma ce wataƙila ba a gutsura masa ba ne shi ya sa yake ja da aikin. Ba a zuciya na bar maganar ba, a teburin mai shayi na faɗe ta, mutane suka yi dariya, ni kuma ina jin kaina wayayye.

Ganina da shi na ƙarshe mako biyu ke nan. Da hantsi ya tsaya ƙofar shagona, ya ɗauro durowa guda a bayan babur da roba. Ya ce, "Injiniya, ajiye mini wannan. Kada ka zare ƙarfen."

Na ce, "Malam, kayan gwamnati ne fa. Kada ka ja mini abin da zai raba ni da aikina."

Ya ce, "Zauna in nuna maka bayan katin."

Na ce ina da aiki.

Ya dube ni ya yi 'yar dariyar nan tasa ya ce, "Kai ka yi durowar, amma ba ka taɓa juya kati ko ɗaya ba." Ya sha ruwa a randa, ya hau babur ya tafi. Na tura durowar ƙarƙashin benci, dussar katako ta rufe ta.

Yau da na dawo daga binne shi na jawo ta, na juya kati.

Gaban katin Turanci ne na tafireta. Bayan kuwa rubutun hannunsa ne, wani da boko wani da ajami. "Amanar gidan Malam Inuwa na Ɗankaza. Ba kyauta ba ce. Ranar da suka nema a ba su. Shaida: limamin unguwa." Na juya na gaba, haka. Na gaba, haka. Har ƙarshen durowa.

Na sami nawa. Ya rubuta: "Kundin kakan Injiniya. Gara ta taɓa ganye biyu na ƙarshe. Mai shi yana da saurin hawa, a bi shi a hankali."

Na zauna a ƙasa cikin dussa, da girmana.

Jama'a, ban da waɗannan katuna babu wata shaida a duniya. Yawancin waɗanda suka yi fatihar sun riga mu gidan gaskiya, yau kuma wanda ya karɓi amanar ya bi su.

Ni ban ce kowa ɓarawo ba ne. Na zargi mutumin kirki sau ɗaya, na ga yadda ta ƙare. Amma ina da tambaya. A cikin durowoyin nan duka, me ya sa wannan kaɗai ake nema, kuma tun gawa tana gida? Me ya sa ranar da nake awo mutumin kamfanin ya tambaye ni ko akwai sauran irin kundayen nan a ƙauyuka? Kundin da ba ya cikin kwamfuta, katinsa kuma ya shiga shara, in ya yi ƙafa daga sito wa zai ce ya taɓa zuwa?

Malam sakatare, na san kana karanta wannan. Eh, tana wajena. Ba ɓoye ta na yi ba. Ranar da kwamiti ya buɗe gurbin sunan mai littafi, ya kira masu kundaye suka zauna, ni da kaina zan ɗauko ta a ka. A karanta kati, a buga, mai shi ya gani da idonsa, sannan a juya na gaba. Kafin nan ƙarfen nan ba zai zaru ba. In aikin tebura ne abin, ku ba wani. Da zarton aro na fara.

Mutanen Kausani da Ɗankaza, duk gidan da ya san ya ba Malam Habu gafaka, in kun shigo kasuwa ranar Juma'a ku biyo ta shagona ku duba sunanku.

Waɗanda kuma suka ji abin da na faɗa a teburin mai shayi, ku shaida na janye. Ƙarya na yi masa. Ban samu na roƙe shi gafara yana raye ba, gobe zan je in durƙusa gaban iyalinsa.

Ya Allah, bawanka Habu ya riƙe amanar mutane har ranar da ƙafarsa ta daina ɗaukarsa. Ka riƙe shi da rahamarka, Ka yalwata masa kabari, Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka yafe mini abin da harshena ya ɗauka a kansa.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kafin ka wuce ka yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah Ya ba ni ikon sauke abin da ya bar mini ƙarƙashin benci.