Bututun da Kawunki Ya Sa wa Motar Ƙwai

To, 'yar nan, gyara zama ki rubuta. Kada ki gyara mini magana, yadda na faɗa haka za ki sa. Labarin kawunki ne, ɗana, wan mahaifiyarki, wanda 'yan kasuwa ke kira Sannu-sannu.

Sunan nan ƙwai ne ya ja masa. Tun yana saurayi aikinsa ke nan, ya ɗauko ƙwai daga gidan gona ya raba wa masu shaguna. Mai ɗauke da ƙwai kuwa ba ya gudu. Keke ya wuce shi, mai tura baro ya wuce shi yana cewa, "Direba, ko in ja ka?" Shi dai murmushi. Da ƙyar ya samu ya mallaki tasa motar, wata 'yar tsohuwa, ya cire kujerun baya yana jera kiret har rufi. Ita ke ciyar da gidansa, ita ke sayen maganin gwiwata.

Ba ya shan taba, ba ya yawon banza. Abu ɗaya na taɓa ganin ya yi wa ransa. Samarin da ke wanke mota kusa da gareji sun sa wa motocinsu wani bututu, in sun taka sai ka ji injin na gurnani. Ya je ya sa shi ma. Aka cire akwatin tace iska da motar ta zo da shi, wanda ke sama kusa da bonet, aka sa wani bututu mai ƙyalli da ya gangara ƙasa, bakinsa a bayan bamba, wai don injin ya sha iska mai sanyi.

Matarsa ta fito ta ji ƙara ta ce, "Maigida, zaki ka sayo ko kunkurun nan ne ya yi mura?"

Ya ce, "Ke dai bari. Ko ba na gudu, a ji ni."

Ranar da abin ya faru ina cikin motar. Zaman gida ya ishe ni, na ce ya tafi da ni in sha iska. Ina gaba, kiret ɗaya a cinyata. Da hantsi aka yi ruwa mai ƙarfi ya ɗauke. Muka iso ƙarƙashin gada, inda ruwa ke taruwa kullum. Bai kai gwiwa ba. Ruwan da ya fi wannan ma motar ta sha ratsawa a da. Kawunki ya shiga a hankali yadda ya saba. Wata babbar mota ta taho daga gaba ta turo mana ruwa, sai injin ya yi tari ɗaya ya ɗauke.

Ya riƙe sitiyari. Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Baba, bututun nan."

Kan ka ce me mutane sun kewaye mu. Masu shago, masu dako, har da wani mai gyaran takalmi da ya naɗe wando. Mutanen kirki, wallahi. Kawunki ya leƙa ya ce, "Ku fitar da ni kawai, kada a tayar da ita."

Suka ce to. Suka tura muka fita daga ruwan. Gaba kuwa gangara ce, mota ta fara gudu. Sai ihu ta ko'ina.

"Sa ta a giya biyu!"

"Saki kuloci, malam!"

"Haba direba, a banza za mu jiƙe?"

Na san ɗana. Bai iya ce wa mutum a'a ba, balle wanda ya shiga ruwan kwata dominsa. Ina kallon ƙafarsa a kan kuloci. Ni ban san komai a kan injin ba, ga ƙwai a cinyata ko motsi ba na iya yi. Ya saki.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙwas, kamar an karya ƙashi a cikin tsumma. Motar ta ƙame, kiret suka zubo mana ta baya. Mutanen suka yi cirko-cirko, ɗaya ya ce, "Batir ne," suka yi mana sannu suka watse.

A gareji bakanike ya kwance fulogi, aka juya injin da hannu, ruwa ya zubo daga ramukan. Ya ce bututun ya zuƙi ruwa kamar yaro da tsinken shan lemo. Ya ce injin iska yake matsawa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, shi ya sa da aka tilasta shi ƙarfen ciki ya lanƙwashe ya fasa bangon injin. Ya ce da an tsaya a fitarwa, da tsiyaye ruwan za a yi a sake mai.

Kawunki ya ce, "Na sani."

Mai gidan gona ya jira shi iya jira, amma kaji ba sa daina ƙwai don motar wani ta mutu. Ya ba wani direba hanyar. Ya ce kawunki ya zo ya riƙa yin lodi in yana so. Ya je. Yanzu shi ke jera kiret a motar wancan, shi ke nuna masa shagunan, yana zaune a kujerar gaba, inda na zauna a tasa motar.

Motar tana bayan gareji, tayoyi sun sace. Kwanaki na ce masa ya sayar da ita ko a ƙarfe ne. Ya ce injin yake nema na hannu, an ce masa akwai wani a hanya. Tun bara ake ce masa haka.

Tsaya nan. In ya zo anjima kada ki karanta masa.