Ranar da Aka Taya Tumatirin Mushe

Ni 'yar kasuwa ce gaba da baya. A Sabon Gari aka yanke mini cibiya, ubana ɗan koli, uwata mai man gyaɗa, kuma kafin in iya ɗaura zane na iya cewa "albarka" ina kallon gefe. Da aka tashi aurar da ni sai Allah ya haɗa ni da malamin lakwal, wato makarantar boko, mutumin da ko allura bai taɓa sayarwa ba. Danginmu sun sha dariya. Ni kuwa sai ɗaga kai nake, don a wancan zamani matar ma'aikaci ba ta san fargabar ƙarshen wata ba.

Mushe ake ce masa, kalmar girmamawa ta Faransanci, yadda ake kiran kowane malamin lakwal a Maraɗi, amma a layinmu na unguwar Zariya in an ce Mushe shi kaɗai ake nufi. Ni ma haka nake kiransa, tunda mace ba ta kama sunan mijinta. Dogo ne marar hayaniya, yana da wata kwat mai ruwan toka wadda garin alli ba ya rabuwa da hannunta, komi wankin da na yi mata. In ya biyo layi, dattawa kan gyara zama a kan tabarma, mata kan rusuna, yara kuwa sai su ɓoye ƙwallon tsummarsu kamar an kama su da sata. Bai tara komi ba a duniya sai wannan suna, kuma ya riƙe shi kamar ƙwai.

Sai ga shekarun da baki ya buɗe. Jam'iyyu suka fito kamar fara, kowane gindin bishiyar bedi da tutarsa, rediyo kullum maganar 'yanci. 'Yancin mun ji shi a kunne, amma albashi ya ɗauke ƙafa. Wata ya mutu, wani ya kama, shiru. Malamai suka shiga yajin aiki, aka rufe lakwal, aka buɗe, aka sake rufewa. Ana cikin haka aka karya darajar kuɗinmu na sefa, sabulu ma ya zama abin lallaɓawa. Na fara da sayar da kwanonin jerena, daga na saman kabad har na zo kan waɗanda uwata ta ba ni da hannunta. Ranar da na raba wa yara kokon safe na ƙara masa ruwa a gabansu, ƙaramarmu ta leƙa ƙoƙon ta ce tana ganin fuskarta a ciki. Mushe yana zaune yana jin ta.

Ina da kawu mai lambu a Jiratawa, can inda ruwan kanal ke bi tsakanin fadamu. Ni na je na same shi, ya ce Mushe ya zo ya riƙa ɗaukar tumatir da albasa da tattasai yana sayarwa. Na yi zaton sai na yi da gaske kafin mijina ya yarda. Kallona kawai ya yi, ya tashi ya hura wa kekensa iska.

Ya kafa tebur a bakin layinmu. Wannan dabarata ce, kuma kowane ɗan kasuwa zai ce daidai ne: ciniki fuska ne, a fara da inda aka san ka. Wa ya kai shi sani a unguwar? Babu gidan da bai koyar da ɗansa ba. Ya zauna bayan tebur da kwat ɗinsa a goge, da biro a aljihu, ya jera tumatir a layi kamar 'yan aji. Mutane suka riƙa zuwa, su rusuna, su tambayi gajiya, su tambayi iyali, su yi wa ƙasa addu'a, su wuce. Kaya suka yi laushi a rana. Na yanka na shanya kauɗa a kan rufin kicin har ƙudan unguwa suka san gidanmu.

Raina ya ɓaci. Na ce hassada ce, na ce masu ci da kai su ne masu cin ka. Wata rana na hangi yaron maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ya wuce teburin ya dawo daga bakin tasha da tumatir a leda. Ban tsaya neman mayafi na kirki ba na faɗa gidanta.

"Mi munka yi maku?" na ce. "Tumatirinmu guba gare shi?"

Ta ajiye muciya ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Haba ke kuwa, ki yi mani adalci. Mutumen da ya koya ma ɗiyana karatu, in tsaya gabanshi in ce ya rage mani? Da wane baki? In kuma na biya yadda ya hwaɗi ban taya ba, mi za mu ci gobe? Kin san yadda gari shike."

Na dawo gida. Ashe ba ƙi ba ne, girmamawa ce ke neman kashe mu da yunwa. A wurinmu ba a sayen abu sai an taya, a ja, a kushe kayan, a yi kamar za a tafi. Duk wannan wasa ne tsakanin tsara da tsara, ba a yin sa da wanda ake rusuna wa.

Bayan la'asar na zauna kusa da shi na faɗa masa gaskiya. Na ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Na ce ya bar unguwar nan ya tafi Tibiri, inda ba a san shi ba. Na ce kuma kwat da biro su zauna gida.

"Kwat ɗin mi ta yi?" ya ce.

"Ita ke korar mutane. Ba a taya kaya wurin mai kwat."

Ya daɗe yana shafa hannun rigar. Sannan ya cire ta ya miƙo mini, na rataye a ƙusa bayan ƙofa.

A tsakar gida na buɗe masa tawa lakwal. Na koya masa kasa kaya kashi-kashi, manya a ƙasa, jajaye masu sheƙi a sama, a yayyafa ruwa su yi kamar yanzu aka tsinko. Na koya masa gyara, ɗan abin da ake ƙara wa mai saye bayan an sallama, na ce kada ya zuba shi a ɓoye, ya ɗaga ta gani, don gyara ce ke dawo da ƙafar mace gobe. Inda muka sha fama shi ne farashi. Shi a wurinsa farashi amsar lissafi ce, guda ɗaya, in ya faɗa ya gama. Na ce a'a, ka bar wa mai saye wurin da za ta ci nasara, ta koma gida tana ganin ta fi ka wayo. Ya ce wannan ai ƙarya ce. Na ce ladabi ne, irin na kasuwa.

Na ɗaura ɗankwali na zama mai saye, na zo ina yatsina, na ce wannan tumatir ne ko ciwon ido? Yara suka kwashe da dariya, shi ma ya murmusa. Sai na ce saura kira, don kayan da ba a yi wa talla ba na mai shi ne. Ya gyara murya, muryar nan da yake kiran sunayen 'yan aji da ita, ya ce, "Ga tumatir." A hankali, kamar mai ba da haƙuri. Na ce ya ɗaga. Ya ɗaga. Na ce ya ƙara, ya ja ƙarshen. Da ya ja, dariyar yaran ta tsaya cak, babban ɗanmu ya tashi ya shige ɗaki. Ni kuwa na ce ya sake, don tukunya ba ta san kunya ba.

Da asuba yakan tafi Jiratawa, ya ɗaure kwanduna a keke, ya ratso Maraɗi ta bayan gari don kada ya haɗu da ɗalibansa, ya miƙe Tibiri. Matan can ba su san wani Mushe ba. Suka yi masa caa, suka kushe, suka kira shi dogo mai tsada, ya dawo da kwando wayam. Na ce ya riƙe fuskoki, ya san wadda ke son tattasai mai zafi da wadda ke aurar da 'ya. Nan kam ya fi ni, mutumin da ya saba riƙe sunayen aji guda a ka. Na ce ya nemi masu tuwon sayarwa, su ne ba sa fashi, ya kai musu har ƙofa kafin su ɗora miya. Kan a jima keke ya kasa, muka koma amalanke. Gidanmu aka koma tuwo da miya har da nama ranar Juma'a, yara suka murmure. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, na kuma yi alfahari da dabarata.

Shi kuwa ya yi baƙi, ya rame, tafin hannunsa ya yi kanta. Bakinsa ya buɗe, ya iya zolaya, ya iya rantsuwar kasuwa wadda da ko a mafarki ba zai yi ba. Da ciniki ya kankama na ce lokaci ya yi da zai kama rumfa a babbar kasuwar Maraɗi, ya huta da hanya. Ya ce ai an san shi a nan. Na ce a gwada.

Ba a daɗe da kama rumfar ba ya dawo wata rana da wuri, tun rana ba ta faɗi ba, kwanduna a kife. Ya zauna a bakin rijiya yana wanke ƙafa.

"Yau maƙwabciyarki ta zo," ya ce.

"Ta gaishe ka ta wuce?"

"A'a. Ta taya. Ta ce kayana sun kwana, ta ce na cika tsada kamar mai saida zinari. Har ta yi kamar ta tahi, na kira ta. Da na sallama ta ce, mai tumatir, ina gyarata?"

Saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Na ce alhamdu lillahi, unguwa ta buɗe, yanzu kasuwa ta zama tamu. Ya ce haka ne. Ya ci gaba da zuba ruwa a ƙafar da ta riga ta fita. Na kawo masa tuwo, ya kai loma biyu ya ce ya ƙoshi. Sai a lokacin na gane ba tumatir kaɗai aka saya a rumfar nan ranar ba.

Daga baya an sake buɗe lakwal, daraktansu ya zo har gida ya roƙe shi ya koma. Na sauko da kwat na goge, ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya yi 'yan makonni yana zuwa aji da safe, rumfa da yamma. Masu tuwo suka fara komawa wurin wani, don miya ba ta jiran a tashi daga lakwal. Albashin ya zo sau ɗaya ya sake ɓacewa. Ban ce masa ya bari ba, amma ban ce ya zauna ba, kuma ya san lissafi fiye da ni. Wata safiya ya mai da kwat kan ƙusarta da kansa, ya ɗauki kwando.

Rumfar ta ciyar da mu shekaru masu yawa. Ita ta yi wa yara karatu, ita ta aurar da su. Ko yau aka mai da ni wancan lokaci, shawarar da zan ba shi ke nan, don ban ga wata ba. Amma na san abin da ta ci. Wani lokaci in yaran maƙwabta na bitar karatu da ƙarfi suka yi kuskure, sai in ga leɓensa na motsi yana gyara musu, ba tare da sauti ba. Tsofaffin layi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, baƙi suka tare, yara suka daina ɓoye ƙwallo in ya biyo.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Aka kai shi da hantsi. Da yamma ina zaune a ɗaki cikin mata aka ce wani baƙo na son yi mini gaisuwa. Magidanci ne mai furfura a gemu, takalminsa duk taɓo. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce shi ɗalibinsa ne na da, daga nesa ya taso da ya ji labari, kuma tun da safe ya shigo unguwar.

"Inna, ki gahwarce ni, ban samu jana'iza ba," ya ce. "Layi-layi na bi ina tambayar gidan Mushe. Yara da manya, kowa ya ce bai san shi ba. Sai yanzu wata tsohuwa ta ce mani, ko dai mai tumatir kake nuhi?"

Tun safe ban yi kuka ba, ina ta ba mutane haƙuri. Na ɗaga kai na dubi bayan ƙofa, kwat ɗin na nan a ƙusarta. Na ce masa, "Nan ne gidan Mushe, ɗana. Ba ka ɓata ba." Daga nan kuka ya ƙwace mini.