Dattijo Mai Gwada Katako da Ashana

A kasuwar Sinnar, gaban wani shagon katako, ga wani dattijo tsugune, jallabiyarsa duk ƙurar zarto, da fensir a bayan kunne. Ban san shi ba. Motar zuwa garin Suki nake jira, amma na kasa ɗauke ido daga kansa.

Mai shagon ya miƙa masa guntun sabon katakon nan mai falle-falle, wanda aka jiƙa da maganin hana kamawar wuta. Dattijon ya ƙyasta ashana ya kara masa. Katakon ya yi baƙi, amma ya ƙi ci. Sai dattijon ya naɗe hannun riga ya lanƙwasa shi, nan take ya karye. A nan na ga tabon ƙuna har gwiwar hannunsa. Shagonsa ne ya taɓa ƙonewa, ko gidansa?

"Maganin ya rage masa ƙwari," in ji shi. "Kuma zai sa ƙusa tsatsa."

"To, Baba, a kawo irin na da?" in ji mai shagon.

Dattijon ya girgiza kai.

"A'a, wannan za ka ba ni. Silin ɗakin jikokina zan yi. In ya lotsa zan gyara. Wuta kuwa ba ta barin abin gyara."