Tokar Baba Koci da filin aro

Da safen nan ina shirin buɗe shago a Kazaure waya ta shigo: Baba Koci ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a benci da makullai a hannu, na ma manta abin da na fito da su in yi.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa Malam Danlami, amma ko a masallaci Baba Koci ake ce masa. Shi ne mai horar da ƙungiyar ƙwallon garinmu, can kan hanyar Roni. Ya koya wa yayyenmu, ya koya mana, yanzu 'ya'yanmu ne a hannunsa. Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan aiki, kuma ina jin usur ɗin ma bai taɓa canzawa ba, igiyar kawai yake sakewa.

Ni ba ɗan wasan kirki ba ne, kowa ya sani. Yakan ce, "Nafi'u, ƙafarka ta dama da ta hagu ba sa ga maciji." Amma bai taɓa korata ba. Ranar da na gurɗe a fili, shi ya goye ni har gidan mai ɗori, ya kuma riƙa zuwa dubiya da ƙosai a leda, yana cinye rabi kafin ya miƙo.

Ba ya fara tirenin sai 'yan ruga sun mayar da shanu sun iso. Mu yi ta ƙorafi rana za ta faɗi, ya ce mu jira su. A cikinsu kuwa ya samo mafi gudun yaran da garinmu ya taɓa gani.

Abin da muka fi yi masa dariya a kai shi ne toka. Yakan bi gida-gida a keke yana karɓar tokar murhu, ya tankaɗe ta da rariya, ya zuba a wani tsohon gwangwani da ya huda, ya bi gefen fili yana zana layi. Ko akwai wasa ko babu. In aka yi ruwan farko na damina, daga sallar asuba fili yake wucewa, kafin masu shuka su fito.

Sai da muka girma muka gane dalili.

Filin nan aro ne. Gonar marigayi Alhaji Sule ce, ya ba da ita da baki a gaban mai unguwa. Sharaɗinsa ɗaya: muddin layi yana nan fari a ƙasa, yara suna wasa a ciki, ba mai sa masa garma. Ranar da layi ya ɓace, ya koma gona. Ku kuma kun san halin garuruwanmu, in iri ya shiga ƙasa ya tsiro, ba mai tuge shi ko na abokin gabarsa ne.

An taɓa kiran Baba ya riƙe wata ƙungiya a birni, ya ƙi. Duk wanda ya ɗauko ya fara koya wa aikin don ya gaje shi, neman abinci ya janye shi. Wani Kano, wani acaɓa, wani ya tsallaka Nijar da kaya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, na je gida gaida tsohuwata, na same shi zaune a gindin darbejiyar bakin fili. Ya rame, sai tari. Don in sa shi dariya na nuna masa wani abu a waya, labarin masu horar da 'yan ƙwallon jami'o'in Amurka, waɗanda suka fi kowa daɗewa a kan aiki. Na kunna masa bidiyon irin wasan nasu.

Ya kalla ya kalla, ya ce, "Wannan ce ƙwallon? Mutum ya rungumi bal yana gudu kamar ɓarawon kankana?"

Na ce, "Baba, ku bar ta wasan. Akwai waɗanda suka haura shekara arba'in, har da wanda ya kai sittin a makaranta ɗaya. Ai sa'o'inku ne."

Ya ce, "In sun gaji suna iya ajiyewa?"

Na ce suna ajiyewa, a yi musu biki, wasu har a sa wa filin sunansu.

"Filin yana nan bayansu?"

Na ce yana nan.

Ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Ashe su son abin ne ya zaunar da su. Ni gadi nake yi."

Ban ji daɗin wannan magana ba, har yanzu tana ci na.

Ya tashi da ƙyar ya kai ni kusurwar gabas. Kunyoyin gyaɗar bara sun zo dab da layi, ko tafin hannu ba zai shiga tsakani ba. Gonar Mamuda ce, ɗan Alhaji Sule, wanda gadon ya faɗo hannunsa. Mamudan nan shi ne golanmu a da, Baba ne ya koya masa kama bal. Yanzu iyali sun yi masa yawa, gona ta yi kaɗan.

Na fara faɗa, Baba ya tsayar da ni. Ya ce, "Kada ku zage shi. Bai taɓa cewa in tashi ba. Kullum dai sai ya zo ya gaishe ni, ya tambayi jikina."

Yau Mamuda yana cikin masu ɗaukar makara. Ya yi kuka, kuma na gaskiya ne, na san kukan ƙarya in na gan shi.

Amma da muka dawo daga maƙabarta, hanya ta bi da mu ta bakin fili. Ga taki nan tsibi-tsibi, an jera shi da amalanke tun daga kusurwa har bayan raga. Ko ɗaya bai taɓa layi ba. Layin kuwa ya dushe, tun kwanciyar Baba ba wanda ya sabunta shi. Kowa a cikinmu ya kalli gabas, don hadari ne baƙi ƙirin yake haɗowa.

A wurin zaman makoki Mamuda ya matso kusa da ni. Ya ce, "Nafi'u, ka san ni. Wallahi ba zan tsallake layin Baba Koci ba. Amma in ruwa ya wanke, gari ya waye ba wanda ya zana, to ban ga abin da zan tsallake ba. Ina da bakunan da suke jirana."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta fi tsorata ni.

Ina shirin tashi sai Inna Hajara, matar Baba, ta aiko a ce in tsaya a bakin zaure. Ta miƙo gwangwanin nan ta bayan labule, da ragowar toka a ɗan buhu. Ta ce, "Ya ce a ba duk wanda aka ga yana waiwayen filin. An ce mini tun ɗazu kake waiwaye."

Tokar ko rabin fili ba za ta kai ba.

Ni ɗan manomi ne, ba zan buɗe baki in roƙi Allah ya jinkirta ruwa ba, gari duk shi yake jira. Iska ta fara kaɗawa yanzu haka da nake rubutun nan. Makullan shago suna aljihuna, gwangwani yana gabana, kuma ba zan koma Kazaure yau ba. Gobe dai na san inda zan wuce daga masallaci. Jibi da gata ne ban sani ba, kuma Baba shekara arba'in ya yi yana amsa wannan tambaya shi kaɗai.

Duk wanda ya taɓa jin usur ɗin nan a kunnensa, ko kana Babura ko Gwiwa ko Kano, ka sa a kwashe maka tokar murhun gidanku a ajiye ta inda ruwa ba zai taɓa ba. Mu haɗu a gindin darbejiya bayan sallar asuba.

Allah ya jiƙan Baba Koci, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba. Allah ya ba Inna Hajara haƙuri. Allah ya buɗa wa Mamuda ta wata hanyar.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ku sa mu ma, ga yayyafi nan ya fara.