Ƙarfen da Baba Ya Cire

Motar ta iso mini ne a akwatunan katako guda bakwai. Aikina a Dubai loda wa 'yan kasuwar Kano kaya ne, kullum ina rufe kwantenar wasu, ranar nan kuwa na buɗe abin da yake nawa: ƙashin mota na ƙarfe, bodi, jakunkunan noti, da littafin haɗawa mai kaurin bulo. Irin motar nan ce ta mutum biyu, ba rufi, wadda kamfani ke sayar maka a wargaje ka haɗa abarka da hannunka. Injin daban na saya, na wata tsohuwar mota. Abokaina a International City, inda nake haya, suka ce ko dai kuɗi sun yi mini yawa ko hankali ya yi mini kaɗan. Ban yi musu da su ba, tunda ban gaya musu dalilin ba.

Dalilin kuwa Baba ne. Makaniki ne, shekara arba'in yana kwance ƙarƙashin motocin mutane a Ƙofar Ruwa, can Kano. Ni kuwa ya sa ni boko ya hana ni gareji, kuma duk sanda na ɗauki sufana sai ya karɓe ya ce, "Ajiye, kai hannun biro ne da kai." Da wasa yake faɗa, amma maganar ta zauna mini har na yi furfura a gemu. Na ƙudurta cewa sai na ɗauke shi a motar da na haɗa da wannan hannun, mai lamba, a kan titi, ba wadda ake nunawa a waya ba.

Shekara biyu na yi ina zuwa Al Quoz, unguwar gareji da masana'antu, duk Asabar da Lahadi. Wani Bapakistane mai garejin gyaran manyan motoci ya ba ni lungu a bayan rumbunsa. A nan na koyi cewa noti ɗaya yana iya cinye maka yini guda. Sau biyu ina ɗaura bututun birki a baibai. Wayoyin wuta kuwa sai da na kwance su kaf na sake, bayan na danna hon fitila ta kama. Da zafi ya tsananta gumi har cikin ido, amma ban taɓa fashi ba. Da na gama na yi mata fenti shuɗi mai duhu, irin na rinin Ƙofar Mata, na aika gida aka ɗinko mini jar fata ta kujeru da ta sitiyari.

Saura lamba. Motar da ka haɗa da kanka ba a ba ta lamba sai an kai ta wurin gwaji an duba ta ciki da bai. Karon farko suka dawo da ni saboda fitilu sun yi ƙasa, kuma bel ɗin kujera bai ɗauru yadda suke so ba. Na gyara, aka ba ni wata rana. A tsakanin nan Baba ya iso, na kawo shi a cire masa yanar ido, da bizar wata ɗaya. Lokacin sanyinsu ne, lokacin da kawai ake iya hawa mota marar rufi a garin nan. In ya koma ba mu hau ba, na san da wuya ya sake yarda ya shiga jirgi.

Da idon ya warware na kai shi garejin. Ya zagaya motar sau biyu, hannu a baya, ya ƙwanƙwasa nan ya girgiza can. Ya ce in buɗe bonet. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ba laifi." A bakin Baba wannan babban yabo ne, amma ni ba shi nake nema ba. Na bar shi a kan kujera da shayi na tafi karɓo takardar inshora, na yi wajen awa biyu saboda cunkoso.

Washegari muka ɗora motar a babbar mota muka kai ta gwaji. Birki ya wuce, fitilu suka wuce. Da aka zura na'ura a salansa sai mai gwajin ya girgiza kai. "Habibi, hayaƙi ya yi yawa," in ji shi. "Injinka ba ya ɗumi, mai kawai yake sha. Gyara ka dawo." Ya ba ni rana ta gaba, wadda ta faɗo kwana biyu kafin jirgin Baba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wancan karon hayaƙin lafiya lau ya wuce, kuma ban taɓa injin ba. Kwana uku ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na canza fulogi, na canza abin da bai lalace ba ma. A rana ta huɗu muna karin kumallo Baba ya zura hannu a aljihun kaftani ya ajiye wani ɗan ƙarfe mai sifirin a kan tebur, kusa da burodi.

"Af, na manta ban gaya maka ba," ya ce. "Na cire maka wannan ranar da ka fita. Fankar ma na haɗa maka ita kai tsaye. Abin ƙasar sanyi ne, Turawa suka sa don ƙanƙararsu. A zafin nan ƙona maka inji zai yi."

Tamosta ne, ɗan ƙarfen da ke tare ruwan lagireto har sai inji ya yi ɗumi. A Ƙofar Ruwa duk motar da ta shigo daga waje, abin da ake fara cire mata ke nan a jefar, kuma mai mota har godiya yake yi. Baba taimakona ya yi, da idon da ba a daɗe da yi wa aiki ba, da sufanar aro. Na ji kamar in yi ihu. Na ce, "Sannu da aiki, Baba," na cusa burodi a baki don kada wata magana ta fito.

Da na so, sai in sayo wani in mayar a ɓoye, shi ke nan. Na yi tunanin haka har na ɗauki makulli. Amma Baba zai buɗe bonet a hanya, na san shi, zai ga fankar ba ta juyawa kullum, ya gane na warware aikinsa a bayan idonsa. Kuma ba zan iya kallon tsabar idonsa in ce masa ya yi kuskure a sana'arsa ba. Ba a haka aka raine ni ba.

Sai na ɗora tukunyar ruwa a kan wuta na jefa ƙarfen a ciki. Na ce, "Baba, don Allah zo ka duba mini wani abu, ni ban gane ba." Ya taso yana mita, ya tsaya a kaina. Ruwan ya fara 'yar kumfa a gindin tukunya. Can, kafin ya tafasa, ƙarfen ya motsa, bakinsa ya buɗe a hankali. Na kashe wuta na zuba ruwan sanyi, ya rufe.

Baba ya ce in sake. Na sake. Ya sunkuya har tururi na bugun fuskarsa.

"Ashe buɗewa yake yi," ya ce. "Na jefar da irinsa sun fi cikin buhu. Ban taɓa dafa ko ɗaya ba." Tausayinsa ya kama ni har na yi da-na-sanin ɗora tukunyar. Shi kuwa ya tsamo ƙarfen da cokali, ya goge da gefen riga, ya ce, "Yalla, ko ba haka kuke cewa ba? Tashi mu je."

Da hannunsa ya mayar, ya kuma gyara fankar yadda take a da. Ni na riƙe masa fitila, ina miƙa sufana. Ranar gwaji mai na'urar ya duba allonsa ya ce, "Khalas, mabruk," wato shi ke nan, barka. Na ɗaura lambar da kaina.

Washegari da hantsi muka kama hanyar Hatta, wani gari cikin duwatsu mai madatsar ruwa. Baba ya ɗaure hularsa da rawani don iska. Bai kalli rairayi ba, bai kalli duwatsu ba, idonsa na kan allurar zafin inji. Muka fara hawa, tana nan tsakiya. Muka kai har bakin madatsar ruwan, ba ta gusa ba.

Muna tsayawa mutane suka kewaye motar da wayoyi. Wani Balarabe dattijo ya shafa jar fatar, ya dubi hannuwan Baba masu kanta, ya tambaya ko shi ya haɗa ta. Na fassara masa.

"Gaya masa ɗana ne ya haɗa, tun daga noti na farko," in ji Baba. "Ni ƙarfe ɗaya kawai na sa, shi ma shi ya koya mini."

Ban iya fassarawa ba. Na juya na buɗe bonet, na daɗe ina duba injin da babu abin da ya same shi.