Ranar da Kawu Ya Mayar da Azzalumi Ruwa

Kawuna, yayan mahaifiyata, mutum ne da ba ya iya ganin babba na cin zalin ƙarami ya wuce. Ƙuruciyarsa duk a ƙofar wata makarantar firamare ta ƙare, yana gadi da kakinsa mai ruwan ƙasa da 'yar sandar da ba a taɓa ganin ya daki kowa da ita ba. In babban yaro ya ƙwace wa ƙarami abinci, Kawu zai taso ne kawai ya tsaya, shi ke nan magana ta mutu. Don wannan hali nake ƙaunarsa, kuma halin ne ya kusa raba shi da tafkinsa.

Da ya yi ritaya sai ya haƙa tafkin kifi a bayan gida, inda ƙasa ta ɗan gangara. Ƙasar da ya haƙo ya tara ta a gefen gangaren ya yi datsi, ya daddaɓe shi da hannunsa. Daga ƙasan datsin kuwa shagon maƙwabcinsa ne, wani kafinta, cike da katako. Kawu ya zuba karfasa da tarwada. Mai sayar da irin kifi ya ƙara masa da bokiti guda na jatan lande, irin masu hannuwa kamar almakashi, ya ce su ne abincin tarwada. Tun daga nan Kawu ya sami wata makarantar, kullum yana bakin ruwa yana hira da ɗalibansa.

Wata safiya, a kan idonsa, wata ƙatuwar tarwada mai guntulen gashin baki ta taso ta haɗiye ɗan karfasa. Kawu ya miƙe yana salati.

"A gabana? A gidana?"

Kafin rana ta take ya shiga tafkin da komar kamun kifi ya kwashe manyan tarwada kaf. Matarsa, da muke kira Inna, ta gyara su ta yi banda. Mai guntulen gashin bakin dai Kawu ya kasa yanka ta, ya jefa ta a tsohon tankin ruwa da ke gefen kicin, ya sa mata suna Azzalumi. Akwai kuma wani zalɓe da ke sauka yana tsince-tsince a gefen ruwa. Shi ma bai tsira ba, don Kawu ya kafa mutum-mutumi ya sa masa tsohon kakinsa har da hula.

Inna na cikin farke kifin ta ɗaga murya ta ce, "Malam, zo ka ga cikin kifin nan. Duk ɓawon jatan lande ne fa."

"To, su ma bayin Allah ne. Sun huta."

Sun huta kuwa, har hutun ya yi yawa. Jatan lande suka hayayyafa kamar da gayya. Suka cinye ciyawar ruwa, suka dama tafkin ya koma kamar kunu. Karfasa suka yi yawa amma suka tsumbure, babbansu bai wuce yatsa uku ba. Mafi muni, jatan lande masu haƙa ne. Suka mayar da datsin Kawu rariya, ruwa ya fara tsattsafowa ta ɗaya gefen yana bin gindin bangon kafinta.

Ina gidan ranar da kafinta ya yi sallama, riƙe da wani katako da ya kumbura ya lanƙwashe.

"Malam, girmanka nake gani, shi ya sa na daɗe ban yi magana ba. Amma dubi wannan. In damina ta same mu a haka, datsin nan a shagona zai kwana. In ba za a iya gyarawa ba, a yi haƙuri a cike ramin nan."

Kawu bai musa ba, don gaskiyar mutumin ce. Amma na ga yadda fuskarsa ta faɗa, sai da tausayinsa ya kama ni. Tafkin nan shi ne dalilin da yake tashi da safe.

Ya sa gura, wato kwandon tarko, yana kama manyan jatan lande. Ya kwaɓa yumɓu yana toshe ramuka. Ana toshe nan can na ɓulla, domin ƙananan da ba sa kamuwa suna girma suna ɗorawa daga inda iyayensu suka tsaya. Ni kam har na fara ƙulewa da shi, maganin yana tankin gefen kicin yana cin tuwon banza, shi kuwa ya ƙi ko kallon wurin.

Inna ce ta ƙarasa aikin. Ta kawo masa ruwan sha yana zaune duk jikinsa taɓo, ta tsaya a kansa.

"Malam, in tambaye ka mana. Yaran makarantar nan, duk son ka suke yi, ko akwai masu tsoron ka?"

"Marasa ji dai suna tsorona."

"To da an ɗauke ka an kulle a tanki, don wai kana firgita yara, wa zai hana manyan cinye abincin ƙanana?"

Kawu ya kalli kakinsa da iska ke kaɗawa a jikin mutum-mutumi. Can ya ce, "Ke dai bakinki ba ya gajiya." Amma ya tashi ya ɗauko bahon wanki. Ni da shi muka cicciɓi Azzalumi, tana ta fisge-fisge tana jiƙa mu, muka juye ta a tafkin. Washegari ya sayo wasu tarwadar masu ɗan girma ya ƙara mata. Ya tuɓe wa mutum-mutumi kaki, ya ba Inna icen da ya kafa shi da shi ta yi makamashi. Ba a daɗe ba zalɓe ya dawo, ko godiya babu.

Abin bai gyaru nan take ba. Gura na ɗauke manya, tarwada da zalɓe na tsince ƙanana, Kawu na bi yana toshewa. Sannu a hankali ramin da aka toshe ya fara zama a toshe, ruwan ya kwanta, karfasa suka ragu amma suka fara ƙiba. Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, kafinta ya zagaya bayan shagonsa ya taɓa bango ya ji shi a bushe. Da lanƙwasasshen katakon nan ya ƙera ɗan benci ya kawo wa Kawu, ya ce ba zai sayu ba dama.

A kan bencin na same shi kwanan baya. Muna cikin hira Azzalumi ta taso ta cafke wani ɗan karfasa. Na ga yatsun Kawu sun damƙe gefen bencin, gwiwarsa ta motsa kamar zai miƙe. Sai ya sauke numfashi ya gyara zama.

"Ci rabonki," ya ce mata a hankali. "Amma ki sani ina nan zaune, ina kallon ki."